Yadda ake zuba gari a buhun takarda ba tare da danshi ya ɓata shi ba

Mai ƙaramar masana'anta a Kakuri ko Kudenda, cikin Kaduna, da ke fitar da garin masara, garin waken soya, sitaci ko gam ɗin manna tayil, buhun takarda zai yi masa rana. Gari ba ya zurara ta jikinsa kamar yadda yake yi a buhun saƙa, rubutu yana fitowa raɗau, ga shi yana jeruwa da kyau. Babbar matsalarsa ita ce, ba ya shiri da ruwa. Yawancin matakan nan a kan haka suka ginu.

Fara da zaɓen buhu. Ana yin sa da wata takarda mai ƙwari da ake kira kraft, mai ruwan ƙasa ko fara, falle biyu zuwa huɗu a haɗe. Ga kilo 25, falle uku ya fi kwanciyar hankali. Akwai mai buɗaɗɗen baki da ake ɗinkewa, akwai kuma mai 'yar kafa a kusurwa wadda nauyin kayan ke toshe ta da kansa. Na biyun sai da injin cikawa, don haka mai farawa ya tsaya ga na farko. Idan kayanka na shan danshi, kamar sukari ko garin madara ko gam ɗin tayil, nemi mai leda a ciki.

Sai batun garin, kuma a nan aka fi yin asara. Gari yana fitowa daga injin niƙa da zafi. Idan ka zuba shi haka ka ɗinke, musamman a buhu mai leda, zai yi gumi a ciki, ya dunƙule, ya fara warin funfuna kafin ya kai hannun mai saye. Baza shi a wuri mai tsabta ya huce. Tura hannu har tsakiya. In ka ji ɗumi, da saura. Garin hatsi kada danshinsa ya wuce kashi 13 zuwa 14 cikin 100. A ganina ƙaramar na'urar awon danshi ta fi fenti mai kyau a jikin buhu muhimmanci, domin a watan Agusta a Kaduna hannu kaɗai yana iya yaudarar mutum.

Ɗora buhun a kan sikeli, cire nauyinsa, sannan ka zuba. In ya kai rabi, ɗaga shi kaɗan ka dire don garin ya zauna, iska ta fita. Bar kamar tafin hannu a sama.

Daidaita bakin, ka ja shi da keken ɗinkin buhu a miƙe. Kada ɗinkin ya yi kusa da gefe, kada kuma ramukan allura su matse, in ba haka ba takardar za ta ɓalle ta wurin kamar rasit. Mai leda kuwa a fara liƙe ledar ko a ɗaure ta tukuna. Ɗauki buhu ɗaya daga cikin na farko ka sake shi kwance daga tsayin ƙugu. In ya fashe, gyara tun yanzu.

Rubuta sunan kaya, nauyi, ranar yi, ranar ƙarewa da lambar rukunin kayan da aka yi tare. Kayan abinci kuma sai da lambar NAFDAC.

A sito, jera su kwance a kan katako, ana saɓa jeri, nesa da bango kaɗan. Daɓen siminti yana tsatso danshi daga Mayu har Oktoba ko da ido bai gani ba. Da hunturu kuma takarda na bushewa ta yi saurin tsagewa, sai a rage jifa. Wajen lodi, hana 'yan dako sa ƙugiya, a duba ƙusa a bayan mota, a shimfiɗa kwali, a rufe da tamfol ko da tafiyar daga Kakuri zuwa Kawo ce kawai.