Darasi na 6: Yatsa ɗaya a kan Ctrl

Makon jiya wata Hajiya ƴar ajinmu, daga Birni, ta zauna tana buga lissafin adashinsu, mata talatin da biyu, kowace da abin da ta zuba. Tana kan ta ashirin da bakwai aka ɗauke wuta. Kwamfutar ta tebur ce, ba ta da batir. Da kuran ya dawo, shafi fari fat. Ta ce, "Malam, ina aikina ya shiga?" Na ce, "Hajiya, ai ba ki ajiye shi ba."

Abin da kake bugawa, kafin ka ajiye shi, kamar rubutu ne a kan rairayi. Ajiyar kuwa ba wuya. Dubi ƙasan allon bugu, can kusurwar hagu, akwai maɓalli mai suna Ctrl. Danne shi da ƙaramin yatsa, kada ka saki, sannan ka taɓa S sau ɗaya. Karon farko za ta tambaye ka suna. Ba ta suna mai ma'ana, kamar "adashi Maris 2025", kada ka bar mata "Document1", don bayan wata uku za ka tarar da su goma, ba ka san wanne ne wanne ba. Daga nan, duk layi biyar ko shida, Ctrl da S. Gaskiya ne Word, manhajar da muke rubutu da ita, yakan yi ƴar ajiyarsa duk minti 10, amma ni ban taɓa jingina da ita ba.

Ctrl yana da sauran abokan aiki. Da C yana kwafe abin da ka zaɓa, da V ya manna shi inda kake so, da A ya zaɓi shafin duka. Wanda na fi ƙauna shi ne Ctrl da Z: in ka goge abu bisa kuskure, ya dawo maka da shi.

To amma a nan Damagaram sai an yi hattara, don allon bugu iri biyu ne ke yawo a gari. Kwamfutocin ofisoshinmu galibi na tsarin Faransanci ne, layin haruffa na sama ya fara da AZERTY. Waɗanda ake sarowa daga Kano kuwa da QWERTY suke farawa. Gurbin A a wannan, Q ne a wancan. Gurbin Z, W ne. Ga inda gizo ke saƙar: Ctrl da W rufe takarda yake yi. Wanda hannunsa ya saba da ta ofis, ya je gida ya hau ta ɗansa mai QWERTY, ya kai yatsa zai gyara kuskure, sai ya ga takarda na shirin rufewa. In tambaya ta fito, kada ka yi gaggawa, danna Annuler, ko Cancel in da Ingilishi take. Haka kuma a AZERTY lambobin layin sama ba sa fitowa sai ka haɗa da maɓallin Maj, wato Shift da Ingilishi, shi ya sa wasu ke neman 2 suna samun é.

Sai haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Babu su a kan ko wanne daga cikin allunan nan biyu. A Word shiga Insertion, sannan Symbole, ka nemo su sau ɗaya, ka ajiye su a ƴar takarda mai suna "haruffa". Duk ranar da kake buƙata, kwafe ka manna. Kada ka yi ƙyuya a nan: "ƙafa" daban, "kafa" daban.

Kle ɗinka kuma, wato ƴar ma'ajiyar USB da ake soka wa kwamfuta, kada ka fizge shi kamar ƙaya. Danna Éjecter tukuna. Lokacin hunturu rufe kwamfuta da zane in ta huce, kuma kada a ɗora ta hannu a kan katifa, ƙofofin iskarta a ƙasa suke.

Aikin yau: buga sunayen mutum biyar na gidanku, ajiye da suna, goge na uku, ka dawo da shi da Ctrl da Z. Kafin ka fara, karanta haruffa shida na farko a allonka, ka faɗa wa na kusa da kai irin wanda kake da shi.