Darasi na 7: Shanyewar ɓarin jiki, daga ina take tasowa?

Iyayena da yayyena, a ajiye fensir tukuna, yau da hannu za mu fara.

Hannu da ƙafa ne suke shanyewa, amma tushen ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa. Jijiyar da ke kai mata jini ce take toshewa ko ta fashe, galibi saboda hawan jini. Duk wurin da jini ya daina zuwa, aikinsa sai ya tsaya.

Mataki na 1. Kowa ya dafa gefen kansa na hagu da hannun hagu. Yanzu a ɗaga hannun dama. Gefen nan da kuka dafa, shi ya ɗaga hannun. Ƙwaƙwalwar hagu ke sarrafa ɓarin dama, ta dama ke sarrafa ɓarin hagu. A nan kowa yake ruɗewa, kada a ji kunya. A sake. Dafa hagu, ɗaga dama. A sauke. Dafa dama, ɗaga hagu. Madalla. To, hannun dama ya mutu, ciwon yana wane gefen kai? Hagu. Wanda ya ce dama, ba komai, ya sake dafa kansa. Dafa hagu, ɗaga dama. A yi sau 5 kafin a kwanta.

Ga amfanin saninsa. A yawancin mutane, wurin magana yana hagu. Shi ya sa mai shanyewar ɓarin dama magana takan sarƙe masa: yana kallon moɗa, ya san ta sarai, sunan ya ƙi fitowa. Bawan Allah ba hauka yake ba, ku yi masa haƙuri. Mai shanyewar ɓarin hagu kuwa, wani sai ya cinye tuwon gefen dama na kwano, ya bar na hagu kamar babu shi.

Mataki na 2. Wajen ƙeya akwai wurin gani da na daidaita tafiya. Alamun ciwo a wurin: jiri farat ɗaya, tangaɗi, gani bibbiyu.

Mataki na 3. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta rikice? Duba agogo, rubuta lokacin, sai asibiti. Na gaji da jin "mun bari mu ga safiya". Haba jama'a! Allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi da fara alamun ake yin ta, kuma sai an ɗauki hoton kai. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu, zai iya ƙwarewa. Ko alamun sun wuce, a tafi.

Aikin gida: rubuta "hagu" da "dama" sau 10.