Kwamfutoci Na Ɗaki Ɗaya Amma Ba Sa Ganin Juna: Kurakuran Da Aka Fi Yi Da Yadda Ake Gyara Su

A shagunan buga takardu, ofisoshin makarantu da ɗakunan koyon kwamfuta, ƙorafi ɗaya ne ke ta maimaituwa. Kwamfutoci biyu suna tebur kusa da tebur, kowacce tana shiga intanet lafiya lau, amma in aka buɗe Network a cikin File Explorer sai a ga wayam. Daga nan sai a koma ga filashi, ana zarewa daga wannan ana sa wa waccan, yana ɗebo ƙwayar cuta yana rarrabawa. Wannan abu yana damuna, domin yawancin lokaci gyaran bai wuce na 'yan mintuna ba, kuma ba ya cin ko sisi.

Tushen yawancin kurakuran shi ne ɗaukar jerin nan na Network a matsayin shaida. Jerin yana nuna kwamfutocin da suka yi shelar kansu ne kawai, kuma shelar ta iso. Kwamfuta za ta iya kasancewa a kan hanyar sadarwa, foldarta a buɗe, firintarta a shirye, amma ba ta fito a jerin ba. Saboda haka bincike daga adireshi ake fara shi, jeri kuma shi ne na ƙarshe.

Zaton cewa samun intanet yana nufin ana kan hanya ɗaya

Wannan shi ne kuskuren farko, kuma ya fi kowanne yawa. Kwamfutar oga tana kan MiFi na ofis, ta sakatare kuma tana jan data daga wayarsa, domin da safe MiFi ya yi nauyi ya sauya bai koma ba. Dukkansu suna buɗe Facebook, amma kowacce tana hanyarta daban.

Ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta cmd, sannan a baƙin allon da ya fito ka rubuta ipconfig. Layuka uku za ka duba: IPv4 Address, Subnet Mask da Default Gateway. Ka yi haka a kwamfutocin biyu. Idan Subnet Mask ɗin 255.255.255.0 ne, kamar yadda yake a kusan duk gidaje da ƙananan ofisoshi, to dole rukuni uku na farko na adireshin su zama iri ɗaya, na huɗu kaɗai ya bambanta. 192.168.8.101 da 192.168.8.105 suna tare. 192.168.8.101 da 192.168.0.105 ba sa tare, komai kusancin teburansu. Lambobin ma sukan tona asirin inda kwamfuta ta rataye: MiFi na Huawei yawanci yana raba masu farawa da 192.168.8, iPhone tana ba da masu farawa da 172.20.10, kwamfutar Windows kuma in ta raba intanet ɗinta tana ba da 192.168.137.

Idan ka ga adireshi ya fara da 169.254, kwamfutar ta nemi a ba ta adireshi ba ta samu mai ba ta ba, sai ta raɗa wa kanta. Ka duba kebul, ka duba ko rauta tana kunne, ka ga ko fitilar ramin da kebul ya shiga tana ƙiftawa. A ɗakin da aka haɗa kwamfutoci da suwic, akwatin da ke haɗa kebul-kebul, kaɗai ba rauta, babu mai rabon adireshi ko kaɗan, don haka kai za ka rubuta wa kowacce nata da hannu, ka tabbata ba biyu da suka ci karo.

Akwai wani nau'in wannan matsala da ke wahalar da masu faɗaɗa ofis. An sayo rauta ta biyu don sigina ya kai ɗakin baya, aka jawo kebul daga ta farko aka cusa a ramin da aka rubuta WAN. Da zarar an yi haka, rauta ta biyu ta kafa hanyarta daban, tana raba nata adireshi, kuma mutanen ɗakin gaba ba za su iya kaiwa ga na ɗakin baya ba. Gyaran shi ne a shiga saitinta a mai da ita Access Point, wato mai yaɗa sigina kawai, idan tana da wannan zaɓi. Idan ba ta da shi, a kashe DHCP ɗinta, wato mai rabon adireshi, a ba ta adireshi a cikin rukunin ta farko wanda ba kowa a kai, a mai da kebul ɗin ramin LAN.

Haka nan wasu rautoci suna da saitin da ake kira AP Isolation, wanda aikinsa shi ne hana na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗaya magana da juna. Wi-Fi na baƙi yawanci haka ake tsara shi da gangan, kuma daidai ne ya zama haka. Kwamfutocin aiki ne bai kamata a bar su a can ba.

Barin hanyar a matsayin Public

In adireshi ya daidaita amma jeri bai nuna komai ba, nan ne wurin dubawa na gaba. Windows tana kasa kowace hanyar sadarwa gida biyu. Public na wuraren da ba ka san waɗanda ke tare da kai ba ne, irin su otal da filin jirgin sama, kuma a nan tana ɓoye kwamfutarka. Private na gida ne da ofis. Windows 11 tana sa sabuwar hanya a Public tun farko, kuma mutane da dama ba su ma san an yi wannan zaɓi a madadinsu ba.

Ka shiga Settings, sai Network & internet, ka buɗe bayanan Wi-Fi ko Ethernet ɗin da kake kai, ka zaɓi Private. Bayan haka ka nemo Advanced sharing settings, a ƙarƙashin Private ka kunna Network discovery da File and printer sharing. A kowace kwamfuta za a yi wannan. Mutane sukan gyara wadda suke zaune a gabanta su manta da wadda suke nema, alhali waccan ce ya kamata ta yi shelar kanta.

Wani lokaci ka kunna Network discovery, ka fita ka dawo ka tarar ya kashe kansa, ko kuma yana kunne amma har yanzu kwamfutar ba ta fitowa. A nan sai a leƙa ayyukan da ke gudana a bayan fage. Windows da R, ka rubuta services.msc, ka nemo Function Discovery Resource Publication da Function Discovery Provider Host, ka tashe su, ka sa su riƙa tashi da kansu. Na farkon shi ne mai shelar sunan kwamfuta. Ka duba SSDP Discovery da UPnP Device Host su ma kada a ce an toshe su.

Jiran jeri alhali ga hanya kai tsaye

Ko jerin bai taɓa nuna komai ba, za ka iya shiga kwamfutar da kake so. Windows da R, ka rubuta sanda biyu masu karkata baya da adireshinta, kamar \\192.168.8.105, ka danna Enter. Idan tana raba folda ko firinta, nan take za su bayyana ko a tambaye ka kalmar sirri. A Mac kuma Finder za ka buɗe, ka danna Command da K, ka rubuta smb:// da adireshin. A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancanta kowane mai shago ya koya wa yaransa, domin yana raba gardama: in adireshi ya buɗe, to hanya lafiya take, shela ce kawai ba ta aiki, kuma aiki zai ci gaba ba tare da ita ba.

Game da ping, akwai abin da ake yawan fahimta a baibai. Mutum ya rubuta ping da adireshin, ya ga Request timed out, sai ya yanke cewa kebul ya lalace. Rashin amsa sallama ba ya nufin mai gida ba ya nan. Katangar tsaron Windows, wato Firewall, tana ƙin amsa ping muddin ba a kunna raba fayil da firinta ba. Don ka tabbatar, bayan ping ɗin ka rubuta arp -a. Idan adireshin ya fito a jerin tare da lambar katin sadarwarsa, kwamfutar tana raye a kan hanya, amsa ce kawai ta hana. Wanda yake son ganin duk na'urorin da ke haɗe a lokaci guda, shafin rauta shi ne wuri mafi sauƙi: ka rubuta adireshin Default Gateway a burauza, ka duba jerin na'urorin da ta bai wa adireshi. Manhajoji irin su Advanced IP Scanner a kwamfuta da Fing a waya suna yin irin wannan aiki. A hanyarka ko wadda aka ɗora maka kula da ita kaɗai ake irin wannan bincike.

Gyaran da ya fi cutar muni

A nan nake son a tsaya a saurara. Shawara biyu ne ke yawo a bakin masu gyara: kashe katangar tsaro gaba ɗaya, da kunna SMB 1.0. Dukkansu sukan sa jeri ya cika nan da nan, shi ya sa ake son su, kuma dukkansu suna barin ofis a buɗe.

SMB shi ne harshen da Windows ke raba fayil da shi. Tsohon nau'insa, SMB1, shi ne ƙofar da ƙwayar cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe masu yawa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Abin da ya sa ta yi ɓarna haka shi ne ba ta jiran kowa ya danna komai. Daga kwamfuta ɗaya take tsallakawa zuwa sauran da ke hanya ɗaya. A ƙarshen shekarar 2017 Microsoft ta fara fitar da SMB1 daga sababbin Windows 10. Tsohon tsarin da ke tattara sunayen kwamfutoci, Computer Browser, a kan SMB1 ya dogara, shi ya sa waɗanda suka saba da Windows XP da Windows 7 suke ganin kamar sabuwar Windows ta lalace. Ba ta lalace ba, hanyar shela ce ta canza zuwa waɗancan ayyuka na Function Discovery. Idan tsohuwar na'urar kwafi ce ko ma'ajiyar fayil ke tilasta maka SMB1, ka fara neman sabuwar manhajarta daga kamfanin da ya ƙera ta. In babu, gara ta aika abin da ta ɗauka ta imel ko filashi a kan a sauke tsaron ofis duka saboda ita.

Katangar tsaro kuwa ba ta bukatar kashewa. Kunna raba fayil a kan hanyar Private yana buɗe ƙofar da ake bukata kawai, wato mai lamba 445 da 'yan uwanta. Idan ka sa wata manhajar kashe ƙwayar cuta mai katangarta daban, a cikinta za ka nuna cewa wannan hanya amintacciya ce. Ka kuma duba VPN. Tun lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya a 2021 mutane da yawa suka saba da shi, kuma wasu nau'o'insa suna toshe hanyar cikin gida muddin suna kunne.

Kada kuma ka ɓata lokaci kana neman HomeGroup, tsohon tsarin raba fayil tsakanin kwamfutocin gida. An cire shi daga Windows 10 tun 2018, duk bayanin da ya ce ka bi ta nan ya tsufa.

An ga kwamfuta, amma ta hana shiga

Wannan mataki ne na daban, kodayake akan haɗa shi da na baya. In akwatin neman suna da kalmar sirri ya fito, na waccan kwamfutar ake nema, mutane kuwa sukan rubuta nasu. PIN ɗin da ake buɗe kwamfuta da shi ba ya aiki a nan. Asusun da ba shi da kalmar sirri sam, Windows ba ta yarda a shiga da shi ta hanyar sadarwa. Abin da ya fi tsafta shi ne a buɗe wani asusu na musamman a kwamfutar da ke raba folda, a ba shi kalmar sirri mai ƙarfi, a ba shi izinin wannan folda kaɗai. Izinin kuma wuri biyu yake a cikin Properties na foldar, Sharing da Security, duk wanda ya fi tsauri shi ke aiki. Idan an canza kalmar sirri amma kwamfuta ta nace da tsohuwar, a Credential Manager take ajiye, a je a goge ta.

Masu Windows 11 Pro da suka hau nau'in 24H2 sukan tarar da foldar da a da ake shiga ba kalmar sirri ta daina buɗewa. Da gangan aka yi, an rufe shigar baƙo marar suna. A nan ma asusu mai kalmar sirri ne mafita.

Jiya yana yi, yau ya ƙi

Wutar lantarki ce kan jawo wannan. NEPA ta ɗauke, aka tada janareta, rauta ta sake tashi, ta raba adireshi bisa wanda ya riga zuwa. Kwamfutar da firinta ke jikinta, wadda jiya take 105, yau ta zama 102, duk gajerun hanyoyin da aka ajiye sun mutu. A shiga shafin rauta a nemi DHCP reservation, ko Address reservation a wasu, a ɗaure adireshi ɗaya ga wannan kwamfuta da kuma firinta. A hana wannan kwamfutar yin barci a lokacin aiki, domin mai barci ba ta amsa kowa.

A ɗakunan da aka sayo kwamfutoci da yawa aka kwafe musu Windows daga faifai ɗaya, sau da yawa duk suna ɗaya suke ɗauke da shi, sai wasu su ɓace daga jeri ko a nemi wannan a faɗa waccan. A ba kowacce suna nata, gajere, kada ya wuce haruffa 15, a rubuta shi a takarda a manna a jikinta tare da adireshinta.

Wanda kuma burinsa ya ga allon wata kwamfutar ne, Remote Desktop yake nema, kuma Windows Home ba ta karɓar irin wannan shiga, sai Pro zuwa sama. Malamin da ke son duba allunan ɗalibai a ɗakin kwamfuta, Veyon kyauta ce kuma don haka aka yi ta. A ofis ko shago, a sanar da ma'aikata da kwastomomi a fili kafin a sa irin wannan manhaja, domin a kan waɗannan alluna mutane ke buɗe asusun banki da saƙonnin iyalansu.