Yadda ake tattara tarihi da yawan jama'ar ƙauyen Amurka marar hukumar gari

A Amurka akwai dubban ƙauyuka masu suna, suna kan taswira, wasu har da allo a bakin titi, amma ba su da magajin gari, ba majalisa, ba takardar kafuwa daga gwamnatin jiha. Galibi gunduma ce ke gyara musu hanya, ita ke ba su tsaro. Wahalar rubuta bayanin irin wannan wuri ita ce ba shi da iyaka a hukumance. Don haka duk adadin mutanen da ka gani an jingina masa, na wani zane ne da wani ya shata, kuma aikinka ne ka gano wane zane ne.

Fara da tabbatar da cewa wurin ƙauye ne. Hukumar safiyo ta ƙasa, USGS, tana da rumbun sunayen wurare mai suna GNIS a intanet. Sa sunan tare da jiha da gunduma, domin suna ɗaya yakan maimaitu a jihohi da yawa, har a cikin jiha ɗaya. Rumbun zai ba ka lambar wurin, matsayinsa a layukan taswirar duniya, tudunsa daga teku, da tsofaffin sunayensa. Kwafe tsofaffin sunayen nan duka, da su za ka yi binciken tarihi. Sai dai a yi hattara: an ɗebo yawancin sunayen ne daga taswirori, shi ya sa wani abin da aka rubuta a matsayin mazaunin jama'a, da ka bincika sai ka tarar mahaɗar layin dogo ce ko mararrabar hanya da ba a taɓa zama ba.

Abin da zai raba gardama shi ne taswirar USGS mai ma'aunin 1:24,000, inda santimita ɗaya ke daidai da mita 240. Shafin topoView yana da tsofaffin bugu kyauta. Jera bugu uku ko huɗu na shekaru daban, ka ƙirga ƙananan baƙaƙen murabba'ai, waɗanda su ne gine-gine. Makaranta murabba'i ce mai tuta, coci mai gicciye. Idan wani bugu ya nuna gine-gine talatin da makaranta, na bayansa ya nuna shida ba makaranta, to taswira ta riga ta faɗa maka lokacin da garin ya watse. Tudun da ke jikinta da ƙafa aka auna; ninka da 0.3048 ka sami mita.

Wajen yawan jama'a ne aka fi yin kuskure. Ana ƙidaya duk shekara goma tun 1790, ta baya-bayan nan a 2020. Hukumar ƙidaya takan shata wa wasu daga cikin ƙauyukan nan iyaka ta lissafi kawai, ta kira su CDP, sunan da aka fara amfani da shi a ƙidayar 1980. Idan ƙauyenka CDP ne, za ka sami adadinsa a shafin data.census.gov. Amma iyakar CDP ba ta da ƙarfin doka, kuma ana iya sake ta daga ƙidaya zuwa ƙidaya. Kafin ka ce jama'a sun ninka tsakanin 2010 da 2020, duba faɗin ƙasar da aka rubuta a shekarun biyu. Sau da yawa ba haihuwa aka yi ba, ba baƙi ne suka zo ba, iyaka ce aka faɗaɗa. Kuma kada a ɗauka rashin hukumar gari na nufin ƙanƙanta: Paradise a jihar Nebada, inda mafi yawan manyan otal-otal na Las Begas suke, ba ta da hukumar gari, amma mutanenta sun haura 190,000 a 2020.

Idan ba CDP ba ne, babu adadi na hukuma. Mutane da yawa sukan ɗauki adadin mutanen yankin lambar gidan waya, wato ZIP, su manna wa ƙauyen, kuma wannan kuskure ne babba. An ƙirƙiri lambar ZIP a 1963 don rarraba wasiƙu, tana iya haɗa gonaki masu nisan kilomita da yawa da wasu ƙauyuka biyu ko uku. Hanyar da ta fi kusa da gaskiya ita ce ka buɗe taswirar ƙananan yankunan ƙidaya, wato bulok, ka zaɓi waɗanda gidajen ƙauyen ke ciki, ka tara, sannan ka bayyana wa mai karatu cewa kai ka tara, kuma ga yankunan da ka haɗa. Ko a nan ka sani cewa a 2020 hukumar ta ɗan jirkita alƙaluman ƙananan yankuna da gangan don kare sirrin mutane, don haka jimillar bulok da yawa ta fi adadin bulok ɗaya inganci.

Alƙaluman samun kuɗi da talauci kuwa daga binciken hukumar ƙidaya mai suna ACS suke fitowa, wanda samfuri ne ba ƙidaya ba. Wurin da bai kai mutum 65,000 ba ba ya samun cikakken rahoton shekara ɗaya. Ga ƙauye sai na shekara biyar-biyar. Kullum duba tazarar kuskuren da ke gefe. Idan an ce mutum 120, da ragi ko ƙari na 90, ba abin dogaro ba ne.

Tarihi kuma, gidan waya ne mabuɗinsa. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa tana da rajistar naɗin shugabannin gidajen waya daga 1832 zuwa 1971, gunduma-gunduma, da ranar buɗewa, da canjin suna, da ranar rufewa. Yawan gidajen waya ya kai ƙololuwa a 1901, fiye da 76,000, sannan ya riƙa raguwa saboda kai wasiƙa har gida a karkara da aka fara a 1896. Saboda haka rufe gidan waya a farkon ƙarni na 20 ba hujja ba ce cewa mutane sun tashi. Ranar buɗewar ma ba ranar kafuwa ba ce, domin sai da aka taru kafin a nemi gidan waya.

Don sanin waɗanda suka fara mallakar filin, a jihohin yamma da tsakiya duba takardun ofishin filaye na tarayya. An yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, mil shida a mil shida, kowane an kasa shi 36, kowane kaso eka 640, kuma dokar 1862 ta ba mai zama eka 160. A tsofaffin jihohin gabas da Tekzas wannan tsari ba ya aiki, sai ka nemi rajistar filaye ta gunduma, ka kuma tabbatar wace gunduma ce ke riƙe da wurin a shekarar da kake nema, domin an sha yanka su.

Takardun ƙidaya masu sunayen mutane ana sakinsu bayan shekara 72. Na 1950 sun fito a Afrilun 2022. Ba a jera su da sunan ƙauye ba, sai da lambar yankin mai ƙidaya, don haka nemi taswirar yankin tukuna. Na 1890 kuwa gobarar 1921 a Washinton ta lalata kusan dukkansu, sai ka cike giɓin tsakanin 1880 da 1900 da rajistar haraji, littafin coci, duwatsun maƙabarta, da shafin labaran ƙauyuka na jaridar gunduma.