Yadda ake haɗa ginshiƙin ƙarfe da tsohon bangon bulo

A Gombe, mai gida ko mai shagon da ke son ƙara rumfa a gaban gininsa, ko faɗaɗa sito, yakan zaɓi ginshiƙin ƙarfe saboda ya fi na kankare saurin kafawa. Inda aikin ya fi lalacewa kuwa shi ne wurin da ƙarfen ya sadu da bango. Ƙa'idar da ya kamata magini da mai walda su amince a kanta tun kafin a sayi ƙarfe ita ce, nauyin rufi ta ginshiƙi zai sauka zuwa ƙasa, bango kuma aikinsa bai wuce riƙe ginshiƙin kada ya karkata ba.

A fara da duba bangon. A kankare filasta a wurin da za a yi haɗin domin a ga abin da ke ciki. Idan bulon inci tara ne, wato mai kaurin milimita 225, ana iya aiki da shi. Na inci shida yana bukatar taka-tsantsan sosai. A karta shi da ƙusa, idan yashi ya riƙa zubowa to an yi masa rowar siminti, kuma ba zai riƙe komai ba. Bangon ƙasa da aka yi wa filastar siminti kuwa ba a jingina masa ƙarfe sam, sai dai ginshiƙin ya tsaya da ƙafarsa.

Ginshiƙi yana bukatar nasa tushen na kankare da rodi. A haƙa ramin daidai da zurfin tsohon tushe, kada a zarce ƙarƙashinsa, domin kwashe ƙasar da yake zaune a kai ita ke jawo tsagewar bango bayan an tashi daga aiki. A sa wani abu mai laushi tsakanin sabon kankare da tsoho don kada su manne. Wannan ya fi muhimmanci a sassan jihar da ke da baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsuke da rani. Ana binne bol huɗu a cikin kankaren tun yana ɗanye, a yi ta ba shi ruwa na kwana 7 aƙalla, tare da sanin cewa sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Farantin ƙarfen da ke gindin ginshiƙi ana barin tazarar milimita 25 zuwa 50 a ƙarƙashinsa, a daidaita tsayuwar ginshiƙin, sannan a cusa kwaɓin siminti mai ƙarfi ya cike tazarar.

Haɗin da bango ana yin sa ne da guntun ƙarfe mai kusurwa, gefe ɗaya a jikin ginshiƙi, ɗayan a jikin bango. Hudar da bol zai bi a jikin guntun ƙarfen a yi ta doguwa daga sama zuwa ƙasa, kada a yi ta zagayayya. Dalili shi ne sabon tushe yakan ɗan zauna, ƙarfe kuma yana miƙewa da zafi: ginshiƙi mai tsawon mita 6 yana ƙaruwa da kusan milimita 2 idan zafi ya hau da digiri 30, kuma ƙarfen da ya kwana a sanyin hunturu ya wuni a rana yana iya samun irin wannan bambancin. Idan aka ɗaure shi tamau, bangon ne zai tsage.

Wuri mafi kyau na ɗaurewa shi ne linta ko wani kankare da ke cikin bangon. A jikin bulo mai rami, bol ɗin da ke buɗewa a ciki idan an murɗa shi yakan fasa fatar bulon, ni kam ba na ba da shawarar amfani da shi a nan. Gara a fasa ƙaramar kafa a sama, a cika ramin bulon da kankare, idan ya yi ƙarfi a huda, a hure ƙurar hudar, a goge ta da buroshi, sannan a dasa bol da manne na musamman da ake sayarwa don wannan aiki. Ƙurar da aka bari a ciki tana rage riƙon mannen ƙwarai. Idan ana iya kaiwa ga bayan bangon, a zura bol ya ratsa, a tare shi da faranti mai faɗi da noti, domin ƙarfin ja ya bazu a kan bulo fiye da ɗaya. Kada a huda a kan layin kwaɓin da ke tsakanin bulo, ko dab da ƙarshen bango.

Girman bol da tazarar da ke tsakaninsu lissafin injiniya ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, kuma shi zai duba iskar farkon damina, wadda ke ɗaga kwano sama, ta finciko ginshiƙin da ba a ɗaure gindinsa da kyau ba. Kafin a tsayar da ginshiƙin a goge tsatsa, a shafa jan fentin kariya har a fuskar da za ta manne da bango, domin da zarar an ɗaure, buroshi ba zai sake kaiwa wurin ba.