Yadda ake hana ruwa ratsa kankaren ƙarƙashin ƙasa

A Maradi ƙasar rairayi ce, ruwan damina na nutsewa da sauri, musamman a unguwannin da ke kusa da Gulbi. Tankin ruwa ko ramin shadda da aka gina da sakaci, watan Agusta zai tona masa asiri.

Fara daga kwaɓi: buhu 7 na siminti a kowace mita kubik, ruwa kada ya wuce lita 25 a buhu. Magina na son ƙara ruwa don aiki ya yi sauƙi, amma idan ya bushe ƙananan ramuka yake bari, ta nan danshi ke bi. Zuba garin Sikalite, mai hana ruwa ratsa kankare, kilo 1 a kowane buhu.

Shimfiɗa leda mai kauri kafin zuba daɓe. Bar tazarar santimita 5 tsakanin rodi da ƙasa, in ba haka ba tsatsa za ta fasa kankaren.

Mahaɗar daɓe da bango ita ce ta fi yoyo. Sa robar tare ruwa a wurin, ka cike kusurwar da kwaɓi.

Yi ta jiƙa ginin kwana 7. Bayan ya bushe, shafa kwalta sau biyu ta waje, sannan ka mayar da yashi mai laushi, ban da duwatsun da za su yage ta.