Yadda Ake Riƙe Bangaskiya a Shekarar da Gona Ta Ƙi

Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Sumaila, kuma dattijo a ikilisiyarmu ta ECWA. Akwai shekarar da na yi shuka har sau uku. Ta fari binne ce, aka yi ɗan yayyafi ruwa ya ɗauke, iri ya ruɓe a ƙasa. Ta biyu ta tsiro, fari ya ƙone ta. Ta uku ta kama, sai ɗaya daga cikin shanun huɗata ya mutu, wuta-wuta kuma ta shanye rabin dawar. Dami 11 na ɗaure a gonar da ta saba ba ni 40. Duk abin da zan faɗa a nan, a wannan shekarar na koye shi.

Kafin komai, kada ka ci iri. Kowane ɗan manomi ya san zangarniyar da aka ware aka rataye don baɗi ba a taɓa ta, ko da tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Bangaskiya ma tana da nata irin, kuma shi mutum yake fara cinyewa in wahala ta zo: addu'ar asuba, karatun Littafi Mai Tsarki, da zuwa sujada ranar Lahadi. Tsayar da lokaci guda, ni nawa kafin in ɗauki fartanya ne. Tara iyali ko da minti goma ne. Wata rana bakinka zai yi nauyi, ka rasa abin cewa. To, buɗe Zabura ka karanta da ƙarfi, ta zama ita ce addu'arka. Na fi makonni ina maimaita Zabura 13 da ta 42. Zabura 88 kuwa da kuka ta fara, da duhu ta ƙare, amma aka bar ta cikin Littafin. Wannan ya nuna mini Allah ba ya ƙyamar mai kawo masa kuka. Daga baya ne na iya karanta ƙarshen Habakkuk, inda annabin ya ce ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya zama wayam, zai yi murna da Ubangiji. Kada ka yi gaggawar kai kanka wurin. Ni sai da aka kusa girbin wake bakina ya iya furta shi da gaske.

Sai kuma ka faɗa wa wani. Kunya ta sa na yi shiru har rumbu ya kusa ƙarewa, ina amsa gaisuwa da "lafiya lau". Wani tsoho a cocinmu ya tare ni bayan sujada ya ce, "Ɗana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba ka nuna mana ba, ina za mu sa ciyawa?" Cikin makon nan matan Zumunta suka kawo wa maiɗakina kwanon dawa shida, matasa suka yi mini gayya. Bijimin da na ƙarasa huɗa da shi kuwa, maƙwabcina Musulmi ne ya ara mini, bai karɓi ko sisi ba. Karɓi taimako ta hannun da Allah ya aiko shi, ka yi godiya.

Inda aka fi faɗuwa shi ne zuciya biyu. Mu da iyayenmu suka fito daga Maguzanci mun san yadda take zuwa. Ba baƙo ke kawo ta ba, kawunka ne da yake ƙaunarka, ya ce a yanka baƙin akuya a gindin tsohuwar tsamiya don gona ta saki, Lahadi kuma ka je cocinka, wa zai sani? Amsa masa da ladabi, ka ce, "Kawu, na gode, amma na riga na ba da kaina wuri guda." Kada ka tsaya gardama, kada kuma ka ce za ka yi tunani, don wannan kalmar ita ke dawo da shi gobe. Yesu ya yi maganar wanda ya kama garma yana waiwaye, a Luka 9:62. Duk wanda ya taɓa bin shanu ya san kunyar huɗar da mai waiwaye ke fitarwa a karkace take. Haka nan kada ka yanke babbar shawara a tsakiyar Agusta da yunwa a ciki, ko sayar da gona ce, ko barin gari. Jira kaka.

In ka ga kamar kai kaɗai ne ka shuka ya ƙi, tuna yadda bisharar ta iso mana. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar nan. Biyun farko suka mutu a 1894, Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Ya dawo a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a karo na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Daga wannan aikin na SIM, wato ƙungiyar mishan da suka fara, ECWA ta fito a 1954. Su ma sau uku suka yi shuka.

Maganar baiko, ka ci gaba da bayarwa gwargwadon abin da ke hannunka, ko mudu ɗaya ne. Amma ina roƙonka, kada ka saurari mai cewa ka ci bashi ka bayar don Allah ya ninka maka. Wannan ciniki ne, kuma na ga gidajen da ya jefa cikin wahala.

Ranar godiyar kaka ta wannan shekarar, dami ɗaya na ɗauka a ka zuwa coci, na ajiye kusa da na masu buhuna. Da muka dawo gida na zaɓi zangarniyoyi mafi cika cikin goman da suka rage, ni da babban ɗana muka rataye su a madafa inda hayaƙi zai kore musu ƙwari.